Hular Baba Dogo

Lokacin sanyi, in an gama tuwon dare, Kaka Mariyama takan hura wutar kara a bakin ɗakinta a Tama, ta zuba gyaɗa cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta, ƙafafunmu na warin albasar fadama inda muka yini ban ruwa.

Shekarar da wani mutum ya kawo bideyo da gurup, injin ba da wuta, ranar kasuwa, tatsuniyar gizo ta daina isarmu. Mun ga fim ɗin yaƙi, soja ɗaya ya ƙarar da runduna, ko gumi bai yi ba. Mun kuma san mahaifin Kaka, Baba Dogo, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Turawa. Sai wana Isa ya tambaye ta mutum nawa ya kashe.

Kaka ta dube shi, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri."

Muka ce, "Ta zo, ga tabarma."

Ta ba mu labarin yadda Baba Dogo ya tsaya tsakiyar fili yana tare harsashi da hularsa, kamar mai kamun fara. Hular ta cika, ya juye, ya sake tarawa. Da maraice ya kai wa kumandan buhu guda, ya ce a ba shi canjin goro. Muka yi ta birgima don dariya. Kullum sai mun roƙa, kullum buhun na ƙara girma.

Isa ne ya ɓata lamarin. A lakwal, makarantar boko, malaminmu da muke ce wa mushe ya tambayi wanda ya san wani abu na tarihi, shi kuwa ya miƙe ya zuba labarin hular. Aji ya kwashe da dariya, aka yi mako ana kiransa Ɗan Hula.

"Kai, sakarai na Inna," in ji Kaka da ta ji. "Da mi nib buɗe maka shi? Abin da anka shimhiɗa ma tabarma ba a kai shi gaban mushe. Ku zamna, yau da bisimilla za mu soma."

Ta yi bisimilla, ba ta ce mu ba da wuri ba.

"Ubana bai halbi kowa ba. Alhwadari yaj ja, shekara ukku, shina kai ma mutane ruwa. Sanyi yac cinye mai yatsu biyu na ƙahwa. Abin da shi ka bida kullum, hura ta, ba lambar girma ba. Su biyar sunka tahi daga garin ga, shi ɗaya yad dawo."

Ta ciro gyaɗa huɗu daga toka, ta jera a ƙasa, kowace ta kira mata suna, mu kuma mu ce Allah ya jiƙansa. Haka mahaifinta yake yi, in ji ta.

Isa ya ce, "Shi ke nan, Kaka? Ba harbi?"

"Shi ke nan. Yaƙi tahiya ta, da jira, da ƙwarƙwata. Wa zai biya kuɗin shiga shi kalli ƙwarƙwata?"

Muka yi dariya, muka cinye gyaɗar. Washegari muka sake roƙon hular, ita ma ba ta hana mu ba. Sau uku ko huɗu kawai na ji ta jera sunayen nan.

Kaka ta rasu bayan girbin bana. Da aka yi sadakar arba'in, samarin gidanmu suka same ni, suna son ɗaukar fim da wayoyinsu a kan Baba Dogo. Har sun samo hula. Na ce su sa ta, ban ga laifi ba. Kaka da kanta ta ɗinka ta a tatsuniya don mu zauna kusa da wuta. Sharaɗina ɗaya, a ƙarshe a kira sunayen waɗanda ba su dawo ba.

Suka ce in faɗa su rubuta. Na ce Mahamman ɗan maƙera, Ada na Tsalha, Ibro mai kalangu. Nan na tsaya, na huɗun ya ɓace mini. Na kira Isa a waya, ya tuna har launin hular, bai tuna suna ko ɗaya ba.

Labarin dariya ya riƙe kansa shekara talatin ba tare da taimakon kowa ba. Na gaskiyar ne yake bukatar mai riƙo, mu kuwa muna can muna cin gyaɗa. Akwai ƙanwar Kaka a Deule, tsohuwa ce ƙwarai, an ce hankalinta yana zuwa yana tafiya. Na ce wa samarin su ajiye hular tukuna. Gobe da asuba zan hau mota.