Wutar da Jibo Ya Mayar

Yayana Jibo, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya iya cin abu shi kaɗai. Kai, har haushi yake ba ni! Injin niƙa gare shi a Tanut, da wani tsohon janareto da ya saya bayan farin 1974.

Da aka ja wa garin wutar lantarki, amininsa Ilyasu, ma'aikacin wuta mai hawa fal-fal, wato turakun waya, shi ya ɗaura masa waya. Kullum tare suke shan shayi a ƙofar injin. Jibo ya tambaye shi: "Wayar nan kawowa kawai take yi? In wutarku ta ɗauke, ba zan iya tura muku tawa ba?"

Ilyasu ya ce, "Kul! Ba a yi ta don haka ba."

Jibo ya ɗauka kunya ce irin ta wanda ba ya son a yi masa hidima.

A bazarar 1985 babban injin gari ya tsaya kwana biyu. Ga ƙyanda ta shigo, ga allurar rigakafi tana shirin lalacewa a firjin asibiti. Da rana tsaka Jibo ya tada janaretonsa ya haɗa da wayar gari, wai ko wutar ta kai can. Bai faɗa wa kowa ba. Ashe Ilyasu yana bisa fal a bayan kasuwa, riƙe da wayar da ya san babu komai cikinta.

Wutar ta kama Ilyasu. Bai mutu ba, amma hannunsa na dama ya shanye. Aka mai da shi Damagaram wurin danginsa.

Wallahi tun daga ranar ban ƙara jin dariyar yayana ba, kuma ina kewarta har yau. Duk motar da ta zo daga kudu, wajen Damagaram, sai ya bar niƙa ya leƙa tasha. Na ce, "To ka je mana!" Ya ce, "Da wane ido?"

Bayan shekara huɗu Ilyasu ya zo ta'aziyyar mahaifiyarmu. Jibo ya tashi, ya miƙa masa hannu. Hannun ya daɗe a miƙe, mutane suka sunkuyar da kai.

Ilyasu ya ce, "Ba ƙi na yi ba, Jibo. Ba ya ɗaguwa ne. Sunkuyo ka kama shi da kanka."