Likitar da Ba Ta Yarda da "Da Sauƙi"

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin duba marasa lafiya, ta rataye jakarta a ƙusa, ta jawo kujerarta daga bayan tebur zuwa kusa da ta majinyaci. Shekara talatin ke nan tana haka a ƙaramin asibitin unguwarmu, har ake ce mata Likita Ja-Kujera. Wannan makon ta ajiye aiki.

Da ta gama karatu, abokanta suka nufi manyan asibitoci. Ita kuwa, 'yar tela, ta dawo cikin danginta, inda likitocin da ake turowa ba sa jin yarenmu sai da tafinta. Wani malaminta ya ce ta yi asarar ƙwaƙwalwa. Ta yi murmushi ta ɗauki jakarta.

Ta san halinmu sarai. Mu ne ko rai na hannun Allah, aka ce "Yaya jiki?" sai mu ce "Da sauƙi." Haka wani kafinta mai ciwon suga ya yi ta amsa wa likitan da ya gabace ta. Tafinta ya fassara, likita, bawan Allah, ya rubuta cewa jiki na kyau. Wata uku ƙafar mutumin na ruɓewa cikin safa.

Ranar da ya faɗo hannunta, ta ja kujera.

"Kawu, yaya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata."

"Madalla. Wannan ta gaisuwa ce. Cire takalmin mu ga ta gaskiya."

Yatsa biyu suka tafi, ƙafar ta tsira. Har yau da ƙafar nan yake takawa zuwa shagonsa.

Likita, ke ce kika san inda muke ɓoye ciwo, domin a gidanku ma can ake ɓoye shi. Amma ba ki taɓa cewa sai ɗan ƙabilarmu ne zai iya duba mu ba. Da aka turo magajinki, wanda yarensa daban, fatarsa daban, tsofaffi suka fara tura baki. Wata shida kika zaunar da shi kusa da ke, har ya iya jiran amsa ta biyu. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma likitoci masu tasowa, ko daga wace ƙabila kuka fito, ku fito daga bayan tebur kamar yadda ta yi.

Ranar ban kwana, kafintan nan ya zo da furfurarsa, ya same ta tana kwashe takardu.

"Likita, yaya barin aiki?"

"Da sauƙi, Kawu," ta ce, idonta cike da ƙwalla.

Ya dube ta, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

"To, 'yata, wannan ta gaisuwa ce."