Baduku ya maida mani hub laya

Jama'a, ku ji abin da wani baduku ya yi mani yau a kasuwar Mayahi.

Ɗan hub ɗin USB da na haɗa da hannuna, abin cajin waya mai baki huɗu, na kai mashi ya yi mashi gidan fata. Na dawo, ya ɗinke shi ruf, har da igiyar ratayawa. Laya sak!

Na ce, "Baba, ina bakunan?"

Ya ce, "Ɗiyata, abin tsari ba a barin shi buɗe."

Mutane suka kwashe da dariya. Nan take na ari wuƙarshi, na huda fatar, na jona salulata. Wuta ta kama.

Yana wuyana yanzu, kuma ba ni cire shi. Duk wanda ya yi dariya, kar ya zo ara.