Mutumin da Yake Shiga Daji Idan Ruwa Ya Sauko

A bakin turbar da ta gangara wajen rafi akwai wani tsumma ruwan goro ɗaure a reshe, an yago shi daga tsohon zanen maza. Na daɗe ina wuce shi a kan kekena kafin in lura ba kullum yake nan ba. Ranar da ƙasa ta jiƙe ake ɗaura shi, idan ta tsane a kwance. Ma'anarsa kada taya ta taka wannan turba yau. Hannun da yake ɗaurawa da kwancewa na Pak Samsuri ne, wanda ya ajiye fartanyarsa ranar Asabar da ta wuce.

Kowace safiya bayan sallah yakan jingine tsohon babur ɗinsa a bayan rumfar Kak Rozita, mai sayar mana da shayi da shinkafar kwakwa a ƙofar gandun dajin da muke hawan keke a cikinsa. Ya sha shayinsa a tsaye, ya saɓa fartanya, adda a ƙugu, ya shige. Kafin mu masu keke mu iso da hulunan kwano da rigunanmu masu ƙyalli, ya riga ya sare reshen da ya faɗo, ya yashe magudanan da ganye ya toshe, ya danne dutsen da ya fara girgiɗi a kan kwana. Babu wanda ya ɗauke shi aiki. Tun tudun nan yana gonar roba yake tatsar itatuwa a cikinsa, kuma turbobin da muke tsere a kai su ne waɗanda ya taka da bokiti yana saurayi. Da aka mayar da wurin wajen shaƙatawa, abokan aikinsa suka watse, shi ya ci gaba da zuwa.

Bai taɓa hawa keke a kansu ba. Kah Wai, mai shagon gyaran keke, ya sha yi masa tayi, yana kiransa Pak Cik, wato kawu, kamar yadda duk muke kiransa.

"Pak Cik, hau sau ɗaya mana, ko don mu ma mu ga faɗuwarka."

"Ku da kuka sayi keke mai tsada don ku faɗi, ku ci gaba," in ji shi. "Ni a ƙafa ma ina zamewa lafiya lau."

Abin da ya bambanta shi da kowa shi ne lokacin da yake aiki. Idan hadari ya haɗo, masu tattaki da masu keke duk rumfa muke gudowa, mu haɗu da shi a ƙofa yana shiga, ya yafa buhun leda a kafaɗa. Kak Rozita ta gaji da yi masa faɗa. Ya gaya mata cewa sai ana tsaka da ruwan yake ganin inda ruwan yake son bi a kan turba, ya sara masa ƙaramar kwata ya kauce gefe. Idan ya jira aka ɗauke, ramin da ruwan ya bari kawai zai tarar. Haka yake fitowa sharkaf, matsattsaku manne a ƙaurinsa, ta miƙa masa gishiri tana mita.

A daminar bara muka san muhimmancin wannan. Thevan, wanda ya fi kowa gudu a cikinmu, ya ga tsumman a reshe, ya ɗaga shi ya wuce. Tayarsa ta tsaga laka tun daga sama har ƙasa. Da yamma ruwa ya bi tsagar nan, ya kwaso taɓo ya zube a hanyar siminti ta masu tattaki, wata tsohuwa ta zame ta karye a wuyan hannu. Ofishin gandun ya kira taro, aka faɗa mana a fili cewa idan aka sake, an hana keke shiga ke nan har abada. Aka tambayi wanda ya yi. Pak Samsuri ya san sawun tayar kowa, amma ya ce ruwa ne ya yi ɓarna, kuma shi ne bai tare shi da wuri ba.

Thevan da bakinsa ya ba mu sauran labarin. Ya ce bayan taron tsohon ya same shi yana kwance tayar keke, ya tsaya a kansa ya ce, "Kai mai sauri, ranar da aka sake ruwa ka zo ka koyi tafiya." Ya je. Suka wuni suna cike tsagar da duwatsu. Kuma Pak Samsuri ne ya riƙa kai wa tsohuwar nan ayaba har ta warke, ko da yake ba shi ya kayar da ita ba. Thevan ya bi shi sau 'yan kaɗan, rani ya shigo, ya koma kan kekensa kamar kowa.

Pak Cik, kai ne ka goyo Kah Wai daga gindin tudu ranar da ya karya ƙashin kafaɗa, kana yi masa tsiya duk hanya don kada ya suma. Kai ne ka ga ina sauka daga keke a duk gangara mai saiwoyi ina ja, ba ka ce mini komai ba, bayan mako guda na tarar da wata 'yar turba mai sauƙi ta zagaye wurin. Ban taɓa iya buɗe baki in gode maka ba. Mai fartanya, gaba da ruwa.

Bana gwiwarsa ta ƙi. Likita ya ce sai an yi masa tiyata, 'yarsa ta ce daga asibiti gidanta zai wuce a birnin Ipoh. Ga damina ta kawo kai, ga gargaɗin ofis yana nan. Kowa yana tunanin wanda zai shiga ruwan, babu mai faɗa.

Ranar Asabar muka taru a rumfa don sallama. Kah Wai ya yi jawabi mai tsawo, sannan ya miƙa masa kyautarmu, sabuwar rigar ruwa.

Kak Rozita ta ajiye butar shayi. "Shekara da shekaru mutum yana yawo da buhu a kafaɗa, sai yau da zai koma zaman kujera kuka tuna da rigar ruwa? Kai, ku dai an yi masu hankali."

Ana cikin dariya ruwa ya sauko. Na ga Pak Samsuri ya yunƙura, hannunsa ya kai kan fartanya, gwiwar ta hana, ya koma ya zauna. Bai kalli kowa ba, ya tura rigar a kan tebur har ta tsaya gaban Thevan.

"Ka fara da kwanar rafi," ya ce. "Kada ka yi sauri."

Thevan ya sa rigar, ya ɗauki fartanyar. Kah Wai ya bi shi da shebur, wasu uku suka miƙe. Ni kuwa Kak Rozita ta ciro ragowar zanen nan ruwan goro daga ƙarƙashin teburinta ta ɗora mini a cinya, na fara yagawa.

Mun gode, Pak Cik. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuke jin daɗin turbar nan, ko wata irinta a garinku, ku tambaya wane ne yake gyara ta, ku je ku karɓe shi tun ƙafarsa tana ɗaukarsa. Idan kun ga tsumma a reshe, ku juya.

Ina tsaka da yagar zanen na ɗago kai. Pak Samsuri yana zaune yana kallon bakin daji har rigar ruwan ta ɓace cikin itatuwa. Sai ya shanye shayinsa, ya kife kofin, ya dafa tebur ya miƙe. Motar 'yarsa tana jira a bakin titi. Ya bi ta bayan rumfa yana ɗingishi a cikin ruwan, bai waiwayo ba.