Ranar da Kawu Tanko Ya Zauna a Kan Kwali

Idan ka hango keke yana tafe a kan hanyar gona, ƙafafun kujera huɗu suna kallon sama a bayansa, ba sai ka tambaya ba, Kawu Tanko ne. Ku da kuka san shi kun san ba ya barin gida sai da wannan kujera. Ta katako ce, wani kafinta ya ƙera masa ita a Ɗambatta tun ina firamare. Ƙafarta guda ta ɗan gaza sauran, saboda haka kullum akwai tsingaron tukunya a aljihunsa na tokare ta. Gidan suna, gidan biki, ta'aziyya, har gona, sai ya kwance robar da ya ɗaure ta, ya duba inda ya yi masa, ya dasa. Kuma ba ya ba kowa aro.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, na kuma sha kunya a kan kujerar nan kafin in fahimce ta. Ranar bikin kammala karatuna na jami'a, a tashar Ɗambatta yaron mota ya ce, "Baba, wannan sai dai a ɗaure ta a sama."

"A sama? Ita da ta girme ka? Kai ka hau saman!"

A cinyarsa ta tafi har Kano. Da muka isa filin taro, wani matashi mai jagorancin baƙi ya nuna masa can baya, ya ce ga wurin iyaye. Kawu ya ce, "Na gode, ɗana, na zo da wurina." Ya wuce kai tsaye gefen rumfar manyan malamai, ya sa tsingaro, ya harɗe. Har yau idan na nuna hoton ranar, sai an tambaye ni wane sashe dattijon nan yake shugabanta.

Wuri guda ne kawai ba ya shiga da ita, masallaci. A bakin ƙofa yake jingine ta. Ya kan ce, "Nan kaɗai ne gidan da ba a nuna wa mutum inda zai zauna. Wanda ya riga zuwa shi ne na gaba."

Sai da na girma na yi ƙarfin halin tambayarsa dalili. Bai yi nauyin baki ba. Kun san unguwarmu Rinji ake ce mata, kun kuma san rinji shi ne inda masu mulki suke ajiye bayinsu su yi musu noma a zamanin da. Kakan Kawu yana yaro aka kawo shi daga nesa. An daina bauta, ya tsufa, amma har ya rasu bai taɓa hawa tabarma a zauren iyayengijinsa ba. Kawu ya ce, "Na gan shi da idona, da furfurarsa, tsugune a bakin ƙofa. Ran nan na ce tsugunon gidanmu ya ƙare a kansa."

Mafi yawanmu muna ɓoye wannan tarihi, shi kuwa tallansa yake yi. Babban abokinsa Alhaji Sale ne, jikan mutanen da suka mallaki rinjin, kuma tun suna yara ba su haɗu an rabu ba tare da tsiya ba. Alhaji ya ce, "Bawana, ina kwana?" Kawu ya ce, "Lafiya lau, jikan malalata. Da ba don kakana ba, da naka ya mutu bai san ta inda ake riƙe fartanya ba."

Wata rana muna majalisa a gindin dalbejiya, rediyo ta kawo labarin yadda ake wulaƙanta baƙar fata a wata ƙasar Turawa. Majalisa ta kaure da Allah wadai. Alhaji Sale ya fi kowa zafi, yana cewa ai ɗan Adam ɗan Adam ne, babu wanda ya fi wani sai da tsoron Allah. Kawu ya bari ya gama, sannan ya ce, "Madalla, Alhaji. To ga ɗana Sani ya isa aure, ga 'yarka. Yaushe za mu turo?"

Tari ya sarƙe Alhaji. Kawu ya miƙa masa buta, ya ce, "Sha ruwa. Ashe adalcin naka sai ya haye teku yake tsiro."

Wannan ne ya kawo ni kan zancen kwalin, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Kawu yana da auta, Hajara, wadda ya samu da tsufansa, tana ƙaramar sakandaren garinmu tare da ɗiyata. Malamarsu ta Hausa, Malama Rabi, ta riƙa karanta musu wani ɗan littafi mai koren bango daga ɗakin karatun makarantar. Labarin yarinya ce 'yar rinji da ƙawarta 'yar gidan sarauta, da yadda manya suka raba su. Hajara, wadda ta sha jin ana ce mata 'yar bayi idan faɗa ya haɗa ta da yara, ta dawo gida ta ce wa ubanta yau ta ga irinta a cikin littafi, kuma ita ce tauraruwar labarin. Amma ba a kai ƙarshe ba, sauran yara suka fara tambaya a gidajensu, "Baba, mu 'ya'ya ne ko bayi?" Gari ya ɗauki zafi. Abin lura shi ne, ba jikokin masu rinji kaɗai suka fusata ba, har da mutanen unguwarmu, waɗanda suke ganin tonon silili ne. Aka kira taron iyaye da malamai, kuma Alhaji Sale ne shugaban ƙungiyar.

Da muka shiga ajin da ake taron bayan azahar, mun tarar an riga an tattara littattafan an zuba a kwalin sabulu, an ɗaure da igiya, an ajiye a gaban allo. Mai babur yana jira a waje ya kai su inda ba za a sake ganinsu ba. Malama Rabi tana gefe, kanta a sunkuye. Alhaji ya ce abin da ya wuce ya wuce, kada a tayar da fitinar da take barci.

Sai ga Kawu ya shigo da kujerarsa. Ya dasa ta, ya sa tsingaro, ya dube ta, ya dubi kwalin. Abin da ba a taɓa gani ba, ya bar kujerar, ya tafi ya zauna daram a kan kwalin.

"Tanko, mene ne haka?"

"Alhaji, tambaya gare ni. Ka karanta shi?"

"An gaya mini abin da yake ciki."

"Wa ya gaya maka?"

"Malam Audu."

"Audu, ka karanta?"

Malam Audu ya ce shi kam matarsa ce ta ji a wajen awo.

Kawu ya ce, "La'ilaha illallahu! Ko akuya aka kama a gona sai an ga ɓarnar kafin a ɗaure ta. Ni ban iya boko ba, amma kunnena ƙalau. A karanta mana shi daga fari har ƙarshe. In akwai zagin Allah ko batsa ko ƙarya, ni zan kawo ashana. In babu, 'yata ba ta ji ƙarshen labarinta ba."

Alhaji ya yi murmushin mugunta, ya ce, "A bar shi. Ai la'asar tana tafe, zai tashi salla."

Aka zauna ana kallon kallo. Da ladan ya yi kira, Kawu ya waiwaya wajen mata da suke can baya, ya ce, "Jama'a, wa zai riƙe mini wuri?" Sai Goggo Delu mai ƙosai, wadda kun san Allah ya yi mata jiki, ta gyara mayafi ta taso. "Tashi, Tanko. Ni ma ɗana yana ajin nan, kuma ina so in ji abin da ake ɓoye masa." Kwalin ya yi ƙara, amma ya jure. Mai babur ya leƙo, ya ga wadda take kai, ya tayar da babur ɗinsa ya tafi. Kafin a dawo daga masallaci, iyaye da dama sun yi layi, kowa yana jiran a ba shi zama.

Kawu ya nuna ni, ya ce, "Kai da aka yi shekara da shekaru ana tura ka jami'a, zo ka yi mana amfani." Aka zaro kwafi guda ta gefe, na fara karantawa. Bencin yara ya yi wa Alhaji Sale ƙasa, ga ciwon gwiwa, yana ta mutsu-mutsu. Kawu ya lura, ya miƙe, ya ɗauko kujerar da babu wanda ya taɓa hawa sai shi, ya dasa ta kusa da kwalin, ya gyara tsingaro da hannunsa.

"Zauna, jikan ubangida. Yau ni na nuna maka wuri."

Alhaji ya dube shi, sannan ya zauna.

Ba a yini guda muka gama ba, sai da muka yi ta dawowa da yamma, kwalin yana kwana a ɗakin Goggo Delu. Da farko Alhaji yana ta gunaguni. Da aka zo inda uban yarinyar gidan sarauta ya hana ta cin abinci a kwano ɗaya da ƙawarta, sai aka ji shi ya daka tsawa, "Kai, wannan mutumin banza ne!" Kawu ya ce, "A hankali, Alhaji, kada ka zagi dangi." Har Malama Rabi sai da ta rufe baki da mayafi.

Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Akwai wanda ya cire ɗansa daga makarantar, akwai dattijan unguwarmu da suka daɗe ba sa amsa gaisuwar Kawu. Ni kaina na kan tambayi zuciyata ko kowane ciwo ne yake warkewa idan an buɗe shi, kuma ba ni da cikakkiyar amsa. Abin da na sani shi ne, da aka ce a ɗaga hannu, masu cewa littafin ya zauna sun rinjaya, kuma hannun Alhaji yana ciki, ko da yake ya rantse daga baya cewa ƙuda yake kora. Hajara ta ji ƙarshen labarinta a aji, tare da yaran da suke tsokanarta.

Da Kawu ya kwanta ciwon ajali, ya yi wasiyya a kai kujerar ɗakin karatun makarantar, duk yaron da ya riga zuwa ya hau. Alhaji Sale ne ya ɗauke ta da kansa, ya ƙi a taya shi, yana tafe yana ɗingishi yana faɗa, "Ja'iri, ya mutu ma sai da ya sa ni dako." Da ya dasa ta sai ta karkace. Ya tsaya yana kallonta, hawaye suna bin gemunsa, har Hajara ta miƙa masa tsingaron.

Ya Allah, ga bawanka Tanko ya zo maka, wannan karon bai taho da kujerarsa ba. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka zaunar da shi kusa da kakansa a inuwar da ba a tambayar kowa asalinsa. Amin.