Dogon Hannu ta Gindin Kanya

A ƙauyenmu, can wajen Sundimina, da an idar da isha'i sai mu kewaye murhun kakata, Inna Kande, tana gasa mana gyaɗa. Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita, musamman in damina ta cika tafkin bayan gari.

"Ku matso, ga ta nan tafe," za ta ce. Wai wata tsohuwa ce, Dogon Hannu, take zaune a ƙarƙashin ruwa, daidai gindin kanya. Wata yarinya ta je wanke ƙwarya, ƙwaryar ta suɓuce. Ta bi ta taku ɗaya, taku biyu, ruwa iya gwiwa. A na uku hannu ya fito. "Ko ɗankwalinta ba a gani ba," in ji Inna, tana cafke ƙafar wanda ya fi kusa. Mu saka ihu. Wallahi har na yi gemu ban taka gindin kanyar nan ba.

Sai da ta tsufa tukuf na tambaye ta. Ta yi dariya. "Kai, sakarai! Wace tsohuwa? Rami ne masu haƙar ƙasar gini suka bari, ya fi tsayin mutum biyu. Ni na ƙaga ta, tunda cikinku babu mai iya iyo."

Bara matata ta haihu. Ana gobe suna, ƙanenta Sabi'u, tela a Birnin Kudu, ya iso. Zafi ya dame shi, ya tafi watsa ruwa. Mutane na zaune suna kallo ya nufi gindin kanya, kowa ya ɗauka ya sani. Ina zai sani? Shi bai zauna gaban murhun Inna ba. Da la'asar aka ciro gawarsa.

A zaman makoki na ji masu furfura suna cewa Dogon Hannu ce ta karɓi nata. Ƙaryar da kakata ta yi don ta tsare mu, yau ita ake fakewa da ita. Tir!

Na samo fallen kwano, na rubuta da jan fenti: "Rami mai zurfi, kada a shiga." Na kafa shi a gindin kanya. Kwana huɗu ya yi. A gidan maƙwabcina na gan shi, an rufe akurkin kaji da shi.

"Haba Malam," ya ce, ko kunya babu, "duk garin nan wa bai san wurin ba?"

Ta bayan danga matata ta amsa, goye da jaririn da muka sa wa suna Sabi'u.

"Ƙanena," ta ce.