Kawu Mani da Allurarsa Bakwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Kawu Mani mai ɗinkin hula, a gidansa da ke Kankara. Shekarunsa sittin da ɗaya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma a hannunsa na koyi ɗinki.

Kawu, duk unguwa ta san tsarinka. Da safe kana zura zare a allura bakwai, ka soke su a guntun kara. Idan zaren ta bakwai ya ƙare, ka tashi, ko da a tsakiyar zane ne, ka ɗauki fartanya ka nufi gonarka ta hanyar Mabai. Ka yi shekara talatin da huɗu a haka, idonka bai taɓa neman tabarau ba.

Da na dawo daga jami'a ban sami aiki ba, sai na duƙufa a kan hula tun safe har magariba. Wata rana ka ga hannuna yana rawa, ka zare allurar daga yatsuna. Ka ce, "Shamsu, mi kake kora? Hular ba ta da ƙafa. Tashi ka ɗebo wa tumaki ruwa, mai digiri." Na ji haushi a lokacin. Washegari hannun ya daina rawa.

A daminar bana hanyar gona ta gagara saboda 'yan bindiga. Ka zauna a zaure, ba inda za ka je idan ta bakwai ta ƙare. A watan Yuli na ƙirga allura goma a jikin karan. A Satumba sha huɗu. Ka daina zama a majalisa, ka daina tsokanar kowa. Inna Hajaratu, matarka, ta yi maka magana, ka ce, "In na aje, tunanin gonar nike." Ranar Litinin ta ƙarshe na ƙirga sha tara. Na gani, amma ban san yadda ɗa ke karɓe allura daga hannun kawunsa ba.

Likita ya ce hawan jini ne. Ba zan ƙara komai a kan maganarsa ba, abin da na ƙirga kawai na faɗa. Amma ina jin tsoro. A layinmu akwai magidanta biyar da ba su taka gona ba bana, uku daga cikinsu hula suke ɗinkawa. Ni ma na sake duƙufa a kan hula, hannuna ya koma rawa tun ranar sadakar uku.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Hajaratu, da 'yarka Hafiza, da sauran dangi na Faskari da Sabuwa. Allah ya ba mu haƙuri. Wanda ya zo gaisuwa, don Allah ya leƙa zaurukan maƙwabta kafin ya tafi, ya taso da magidantan nan su ɗan taka.

Shamsu Audi, Kankara